Akwai wanda ya taɓa koyon kiɗan daf na mutanen Iran a cikinmu? Hannuna ya ƙi biyo ni

Ɗan Gwale:
Slm jama'ar gida, barkanmu da war haka. Dan Allah ku yi min haƙuri zan ɗan ja zance. Wata huɗu ke nan da na mallaki daf, wannan faffaɗan mandirin na mutanen Iran mai zobban ƙarfe jere a cikinsa, surukina da ke zuwa sari Dubai na roƙa ya taho min da shi, saboda tun ranar da na ga wani bidiyo na Kurdawa suna zikiri da shi abin ya tsaya min a rai, sautin nan kamar hadari ya taso daga gabas ga kuma ƙarar zobban kamar saukar ruwa a kan kwanon ɗaki. To kullum bayan isha'i sai na zauna da YouTube ina bin darasi amma wlh abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ko minti goma ba na yi sai wuyan hannuna na hagu ya ɗau zafi har zuwa gwiwar hannu, sannan zobban nan ba sa jin maganata, inda nake so su yi shiru nan suke surutu inda nake so su amsa kuma sai su yi gum. Ga shi da sanyin nan ya shigo fatar ta ɗaure tamau har tsoro nake kar ta tsage, sautin ya koma kamar ana buga faranti. Akwai wanda ya koya a hannun malami a cikinmu? Ko wanda ya san inda zan dosa a nan Kano.

Baba Mai Mandiri:
Wa alaikumus salam ɗana. Kana Gwale, Kabara, gidan Ƙadiriyya, na nan ƙarƙashin hancinka, shi ne ka tsallake ka tafi har Iran ta cikin waya? Shekarata sama da 40 ina riƙe da mandiri, tun zamanin Maulana Shehu Nasiru Kabara Allah ya ƙara masa yarda, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya abin nan shi kaɗai a ɗaki ba. A halƙa ake koyo, ka zauna bayan manya ka yi wata da watanni kana amshi kawai kafin ma a miƙo maka na hannu. Ka zo ka fara da na gida.

Ɗan Gwale:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji kuma na karɓa. Ba raina na gida na yi ba wlh, a cikinsa na tashi, kowace shekara da ni ake fita Maukibi, jerin gwanon 'yan Ƙadiriyya. Kawai dai riƙon wannan daban ne da namu, shi ya sa na ce ko akwai wanda ya san shi.

Ɗalibi a Isfahan:
Slm. Yayana Ɗan Gwale ka zo gidan sauƙi, shekarata 3 a nan ina karatu kuma shekara ɗaya da rabi ina zuwa ajin daf duk ranar Laraba. Bari na fara da ciwon hannun don shi ya fi gaggawa. Kusan na tabbata damƙe shi kake yi. Daf ba a damƙe shi, zama yake yi a tafin hannun hagu daga can ƙasa, akwai wani ɗan lotsi da aka fafe a jikin katakon ta ciki, nan babban yatsa ke shiga, sauran yatsu huɗu kuma su zagayo ta gaba su kwanta kusa da bakin fatar a sake don su ma bugu za su yi. Hannun dama yana gefe, babban yatsansa na jingine da katakon yana taya ɗaukar nauyi. Duka duka abin bai kai kilo ɗaya ba amma in ka ɗora shi a wuyan hannu kaɗai ka kuma ɗaga kafaɗa to ko ƙato ne kai sai ka ji a jikinka. Malaminmu sati biyu na farko bai bari mun buga komai ba, riƙo kawai, minti biyar ka ajiye ka girgiza hannu ka sake ɗauka, a lokacin haushi nake ji ina ganin ɓata mana kuɗi yake yi, yanzu kuwa addu'a nake masa.

Sannan ka duba girman naka. Cikakken da suke ce wa 4/4 faɗinsa wajen santimita 53 zuwa 54 ne, akwai 3/4 da bai kai shi ba wanda mata da yara da masu ƙaramin hannu suka fi ɗauka. In hannunka ba dogo ba ne babu kunya a fara da ƙaramin.

Bugun asali uku ne, tom da bak da chap. Tom shi ne mai kauri, yatsun dama huɗu a haɗe su faɗa can ciki wajen tsakiya su tashi nan take kar su kwanta su kashe sautin. Bak kan yatsun dama ne a bakin fata, siriri mai kaifi. Chap kuma na hagu ne, kalmar ma da Farisanci hagu take nufi. Ka manta da zobba tukuna, wasu ma tsumma suke cusawa ko su ɗaure su da zare har hannu ya faɗa.

Ɗan Gwale:
Allahu Akbar, yanzu na ɗauko na duba, lotsin nan ashe a sama nake barinsa, ban ma san amfaninsa ba na ɗauka aibu ne a katakon. Ngd sosai ƙanena Allah ya ba da sa'ar karatu. To zobban fa in lokacinsu ya yi?

Ɗalibi a Isfahan:
Amin yaya. Zobban a jikin 'yan ƙugiyoyi suke rataye ta ciki, uku uku ko huɗu huɗu a sarƙe. Abu biyu ke sa su magana. In ka karkata daf ɗin gaba sai su kwanta a bayan fatar, duk bugun da ka yi su yi zizar nan, in ka dawo da shi ya miƙe ko ya ɗan jingino wajenka sai su saki fatar sauti ya fito wasai. Na biyun shi ne cillawa, hannun hagu ya ɗan harba daf ɗin sama zobban su tashi su daki katako sannan ya sauko su sake faɗowa, wannan tashi da saukar shi ma bugu ne a cikin lissafin kiɗan ba ado ba ne kawai. Kai yanzu abin da ke faruwa kowane bugu da ka yi daf ɗin na rawa a hannunka shi ya sa suke surutu ba izini.

Abu Ammar:
Ni fa gsky ina mamakin yadda ake ta ba da shawara babu wanda ya tsaya ya tambayi hukunci. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne 'yan mata sun buga duffi a gidan Nana A'isha a ranakun idi, Sayyidina Abubakar ya tsawatar Annabi SAW ya ce a ƙyale su, da kuma na bikin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, duk suna cikin Bukhari. Biki da idi ke nan, kuma mata. Ina aka samo gardi ya zauna yana koyo wata huɗu, har a mai da shi hanyar neman kusanci da Allah? Sannan kuma daga Iran, mun san abin da ke biyo bayan irin wannan.

Ɗalibi a Isfahan:
Malam Abu Ammar maganar hukunci na bar wa malamai, amma gyara ɗaya zan yi. Dafin zikiri da ake magana na Kurdawa ne, cibiyarsa garin Sanandaj a yammacin Iran, kuma mafi yawan mutanen wurin Ahlus Sunna ne 'yan mazhabar Shafi'i, ɗariƙunsu Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya. Ba duk abin da ya fito daga Iran ne na Shi'a ba. Shi kansa Sidi Abdulƙadir ai a yankin Gilan aka haife shi, arewacin Iran ta yau kusa da tekun Kasfiyan, daga nan ya tafi Bagadaza inda ya rasu a 561 bayan hijira wato 1166.

Malam na Zaure:
Bismillah. Abu Ammar tambayarka a kan hanya take kuma bai kamata a share ta ba, sai dai a faɗi magana cikakkiya. A Muhtasar na Shehu Halilu, wajen maganar walima, ya ambaci abubuwan da aka karhanta sannan ya cire girbal ya ce ko da namiji ne ya buga. Girbal kuwa rariya ce a Larabci, duffi ake kira haka saboda kamarsa da ita, katako zagayayye da fata fuska ɗaya. To ka ga a mazhabarmu ba a keɓe shi ga mata ba a wajen biki. Inda masu sharhi suka yi saɓani shi ne in akwai ƙararrawa ko sarƙa a jikinsa, wasu suka hana wasu suka sassauta. Su kuma Shafi'awa, Imamu Nawawi a Minhaj ya ce duffi ya halatta a biki da kaciya da waninsu ma a mafi ingancin zance ko da akwai ƙararrawa a jikinsa, ka ga ke nan Kurdawan nan a kan maganar malamansu suke tafiya. Amma shigar da shi cikin zikiri wannan tsohon saɓani ne tun kafin a haifi kakanninmu, Imamu Gazali ya yi dogon babi a kan sama'u, wato sauraron waƙa da kiɗa, ya halatta da sharuɗɗa, Ibnu Taimiyya ya yi inkari mai tsanani. Ba za mu ƙare shi a nan ba. Wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, wanda ya bi malamansa kar a fitar da shi daga musulunci.

Abu Ammar:
Na gode Malam da ka kawo nassin, zan koma na duba. Amma ni har yanzu ina kan bakana a maganar ibada, ibada sai da dalili. Na faɗi nawa na sauke nauyi.

Baba Mai Mandiri:
Ka sauke kuma mun ji, Allah ya haɗa mu a kan gaskiya. Mu dai ba mu taɓa cewa fatar akuya ce ke kai mutum ga Allah ba, La'ilaha illallahu ce, mandiri yana riƙe wa jama'a numfashi ne kar wani ya riga wani. Amma kai ɗalibi, da gaske kake 'yan Ƙadiriyya ne masu wannan abu? Ka gani da idonka ko labari aka ba ka?

Ɗalibi a Isfahan:
Da idona Baba. Hutun bara wani abokin karatuna Bakurde ya ɗauke ni zuwa gidansu a Sanandaj, tafiyar dare guda a bas, gari ne a cikin duwatsu ga sanyi mai shiga ƙashi. Daren Juma'a kawunsa ya kai mu zawiyarsu, su hanaƙa suke cewa ko takiya, shugaban wurin kuma halifa kamar dai yadda muke faɗa. Ɗaki ne mai faɗi an shimfiɗe da darduma, korayen tutoci a jikin bango, dafuffuka a rataye sama babu ko ɗaya a ƙasa. Wani dattijo na ga ya sauko da nasa, da alwalarsa, ya sumbaci katakon sannan ya je kusa da hita yana juya fatar a hankali yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne har sautin ya kai inda yake so. Da farko a zaune aka yi, salati da istigfari da hailala, mai bege yana yabon Annabi da Kurdanci da Farisanci daf ɗaya na bin sa a hankali kamar ba ya so a ji shi. Can sai aka miƙe aka yi da'ira, masu dogon gashi suka kwance rawani suka sake shi, dafi wajen shida suka shigo tare da wata 'yar ganga ta ƙarfe da ake bugawa da sanduna suna ce mata tas, ana Hayy Allah Hayy Allah, wlh Baba ba da kunne nake jin bugun ba a ƙirjina nake jin sa, kuma da na ji sun kira ya Gaus ya Abdulƙadir sai hawaye ya zubo min don sai na ga kamar a tsakar Kabara nake ranar Maukibi. Da aka tashi abokina ya ce musu daga Nijeriya nake kuma garinmu akwai 'yan Ƙadiriyya masu yawa, dattijon nan ya rungume ni ya ƙi saki na, sai da na sha shayi kofi uku.

Abin da ya sa na kawo wannan, yaya Ɗan Gwale, kiɗan da ke cikin darussan da kake kallo yawancinsu daga wannan ɗakin suka fito. Suna da sunaye, maƙamai suke ce musu, akwai Hayy Allah, akwai Da'im, Haddadi, Maddahi, Gausi, Saƙƙizi mai sunan garin Saƙƙiz, da Garyan wanda shi bugu bakwai ne yana tafiya kamar mai ɗingishi, shi ya fi ba ni wuya. Su can ba da ɗaya biyu uku huɗu yaro ke koya ba, lafazin zikirin ne ke ɗauke da kiɗan, bakinka na faɗa hannunka na bi. Ni da kaina wata biyu ina fama da Hayy Allah a kan takarda ina ƙirge, ranar da na dawo daga tafiyar nan na rufe littafin na fara furtawa da baki sai ga shi ya zauna.

Baba Mai Mandiri:
To ai ka gama magana ɗana. Abin da nake gaya wa yaron nan ke nan tun farko. Mu ma ba mu san wani ƙirge ba, anfasu muke bi, wato zikirin numfashi, in numfashin jama'a ya yi sama ka bi shi in ya sauko ka sauko, mai mandirin da ba ya zikiri da bakinsa ko da ganin hannunsa za ka gane. Ashe 'yan'uwanmu ne. Allah ya kai mu Bagadaza gaba ɗaya.

Maman Ilham:
Slm, ina ta bin zancen a ɓoye tun ɗazu. Ni tambayata 'yata ce mai shekara 13, a Islamiyyarsu su ke yin bege lokacin Mauludi da saukar karatu kuma ita ke riƙe musu ɗan mandiri, ta ga irin wannan a wayata ta nace sai na saya mata. Mata na bugawa a can ko na maza ne kawai? Kar na sayo abin da za a yi ta yi da ni a unguwa.

Ɗalibi a Isfahan:
Hajiya a ajinmu ma mata sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. A Kurdistan akwai zawiyoyin mata da halifofinsu mata suna zikirinsu daban da dafinsu, a birane kuma 'yan mata da yawa na koyo a makarantun kiɗa. Ki nemo mata 3/4 mai fatar roba. Akwai kuma wani ƙarami da ake kira dayere, shi ma da zobba amma bai kai daf faɗi ba, ya fi sauƙin riƙo ga yarinya.

Maman Ilham:
Madalla, Allah ya yi albarka. Sai dai babanta ne zai yanke, zan nuna masa bayanin Malam na Zaure.

Bamaiurne:
Gaisuwa daga 'yan'uwanku Hausawan Sudan. Mu a nan tar muke ce wa namu, masu madihu ke yawo da shi su biyu su uku suna yabon Manzo, ba shi da zobba irin na Iran kuma bai kai shi faɗi ba. Kafin yaƙin nan duk yammacin Juma'a in ka je hubbaren Shehu Hamad al-Nil a Omdurman za ka tarar da 'yan Ƙadiriyya cike da fili da korayen riguna da ja ana zikiri har magariba, Allah ya dawo mana da zaman lafiya. A kan maganar fata, mu kullum da kaskon gawayi a gefe, in ta saki a gasa ta sama sama. Amma matsalar Ɗan Gwale akasin haka ce, tasa ɗaurewa ta yi, wuta ba ta da amfani a nan sai ma ɓarna.

Ɗan Dukawa:
Amin ya Allah. Nan fa an zo fagena, gidanmu aikin fata muka gada. Ɗan Gwale kar ka kuskura ka kai ta kusa da wuta ko ka bar ta a mota ko jikin taga da rana. Fata ɗanya ce ba jemammiya ba, shan iska take kamar mai rai, da damina ta sha laima ta saki ta yi lakwas, da hunturu ta bushe ta ja jikinta, in ta ja da yawa ko ta tsage daga bakin ƙusa ko ta murɗe katakon ya zama kamar faifan da aka taka, kuma katakon daf siriri ne ba kamar na mandirinmu ba. Abin da za ka yi, ka jiƙa tafin hannunka ka yarfe ruwan sosai sannan ka shafa a fatar ta ciki da waje ka jira minti biyu ka ji sautin, in bai sauko ba ka ƙara, kar dai ka zuba ruwa kai tsaye. In ka gama ka mai da shi jakarsa, ka sa ɗan tsumma mai danshi a cikin leda buɗaɗɗiya a gefe yadda ba zai taɓa fatar ba. Mai kuma kar ka shafa mata, na ga masu sa man kaɗanya ko man gyaɗa, yana kashe sauti kuma ba ya fita.

Ɗan Gwale:
Kai Allah ya tsare, jiya jiya wani ya ce na shafa man kaɗanya har na sayo. Allah ya saka da alheri. Ashe da na sani mai roba na ce a kawo min.

Ɗalibi a Isfahan:
Don koyo mai roba ya fi kwanciyar hankali gsky, ba ruwansa da damina ko hunturu, da shi kusan kowa ke farawa a nan. Amma sautin fata daban ne, tom ɗinta na da wani zurfi da ɗumi da roba ba ta kaiwa, kar ka yi nadama ka dai kula da ita.

Sadauki:
Ni shawarata kar kowa ya yi odar mai fata daga waje ta hanyar masu kawo kaya. Na yi bara, wata biyu ina jira, da ya iso katakon ya dare gida biyu an ɗora masa kaya masu nauyi a kai, na yi ta kira ana min yawo da hankali har na haƙura. In ba a hannu za a riƙo maka ba ka bari.

Ɗan Dukawa:
Shi ya sa nake ta tunani tun da Malam ya ce girbal rariya ce. Masu yin rariya a kasuwar Kurmi da 'yan katako ai sun iya lanƙwasa siririn katako su haɗa bakinsa, fata kuwa wa zai gaya mana, fatar jar akuyar Sakkwato da ake kai wa har Maroko tun zamanin fatake. Abin da ya rage a samu wadda aka kankare ta yi siriri sosai daidai ko'ina, da zobba, su kuma maƙera za su yi ko a nemo irin na maƙullai marasa nauyi. In Ɗan Gwale zai yarda ya kawo nasa na auna na ga yadda aka kafa ƙugiyoyin zan gwada ɗaya na gani, ko bai yi daidai ba a karon farko.

Ɗan Gwale:
Na yarda wlh, ka faɗi rana.

Abu Ammar:
Tambaya ɗaya ba don musu ba. Ɗalibi ka ce na zawiya ne, to ya aka yi bidiyoyin da nake gani mutane ne a dandali da fitilu da kayan kiɗa iri iri ana tafi? Wannan ai ba zikiri ba ne ko a wajenku.

Ɗalibi a Isfahan:
Haka ne Malam, gida biyu ne yanzu. A da kiɗan gargajiyar Farisa na birni gangarsa tombak ce, mai kama da turmi ƙarami da ake ɗorawa a cinya, daf kuma yana zawiya da wajen Mauludi. A shekarun 1970 ne Bijan Kamkar, ɗan wani sanannen gidan makaɗa na Sanandaj, ya shigo da shi cikin ƙungiyar kiɗan gargajiya a Tehran, daga nan ya bazu har ya zama kowane gari akwai ajinsa, aka rubuta darussa aka ƙirƙiro sababbin salo masu sauri da wasa da yatsu. A 2019 UNESCO ta sa Sanandaj cikin biranenta na kiɗa. Kuma ko a can akwai dattawan zawiya da ba sa jin daɗin yadda aka fitar da shi, kawun abokina da kansa ya ce min yaran yanzu hannunsu ya fi nasu gudu amma ba su san sunan wanda ake kira ba. To ka ga damuwar taka ba kai kaɗai ba ne, ta wata fuskar. Ni dai na zawiyar ne ya ja ni, shi nake koya.

Malam na Zaure:
Kuma kar a haɗa su da na Turkiyya masu juyawa da fararen riguna, waɗancan Maulawiyya ne mabiya Maulana Jalaluddin Rumi da ya rasu a Konya a 1273, su sarewa ce gaba a wajensu da wasu 'yan tagwayen ganguna ƙanana, tafiyarsu a natse take. Na ga mutane na tura bidiyon wannan da sunan wancan.

Ɗan Gwale:
Jama'a na dawo da labari bayan kwana tara. Ranar Alhamis na je wajen Baba kamar yadda ya ce, na tafi da daf ɗin a jakarsa ina ɗar ɗar kar a ce na zo da baƙon abu. Baba ya karɓa ya juya shi ya leƙa cikinsa ya taɓa zobban ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kashe fanka, ya ɗora a hannu ba irin riƙon da ɗalibi ya koya min ba irin nasu na mandiri, ya fara hailala a hankali yana bugawa da tafin hannu, wlh tom ɗin da na yi wata huɗu ina nema sai ga shi ya cika zauren a bugun farko. Bayan nan ya miƙo min ya ce kar na buga, na yi amshi kawai ina riƙe da shi, haka na yi har aka tashi. Ciwon hannu ya ragu sosai tun da na gyara riƙo, yanzu ina kai minti ashirin, zobban na ɗaure su da zare kamar yadda aka ce, fatar ma ta sauko da dabarar Ɗan Dukawa. Hayy Allah nake yi yanzu da baki da hannu, a hankali ƙwarai, matsalar da ta rage chap ɗina ba ya fita, yatsun hagun kamar ba nawa ba.

Baba Mai Mandiri:
Abin naku ba nauyi kamar faifai, amma yana da murya, na yarda. Ka dawo Alhamis mai zuwa, har yanzu amshi za ka yi.

Ɗalibi a Isfahan:
Masha Allah yaya. Chap haka yake wa kowa, hannun da ke ɗauke da kaya shi ake kuma ce wa ya yi magana. Ka duba ko babban yatsanka ya nutse da yawa a lotsin har sauran yatsun sun kasa kaiwa fata, ka ɗan zamo da hannun gaba, kuma bugun daga gindin yatsu yake fitowa ba daga wuyan hannu ba. Kullum ka ware minti biyar chap kaɗai, tom ɗaya chap ɗaya, tom ɗaya chap biyu. Ka ɗauko min bidiyon hannun daga gefe ka turo ta WhatsApp zan nuna wa malaminmu ranar Laraba. Dan Allah in Baba ya yarda ka ɗauko min nasa bugun shi ma, na ba malamin labarin mandirin Kano ya ce yana so ya ji.

Ɗan Dukawa:
Ni kuma na auna, zurfin katakon santimita 5 da ɗan wani abu ne, na samu mai rariyar da ya ce zai lanƙwasa min amma katakon da ke hannunsa gajere ne ba zai zagaye faɗin nan ba sai an yi haɗi biyu. Wa ya san inda ake samun dogon siririn katako mara nauyi da ba ya karyewa in an jiƙa shi, ko a kasuwar katako ta Na'ibawa ne?